Tseren Hamada na Dogon Zango: Tambayoyin da Aka Fi Yi da Amsoshinsu

Duk watan Janairu hotunan nan kan cika talabijin da intanet: mota ta yi tsalle daga kan tudun rairayi tayoyinta huɗu a sama, mai babur shi kaɗai tilo a tsakiyar fili kamar ɗigon tawada a kan allo, gingimari na keta ƙura. Mai kallo zai ɗauka gasar gudu ce. Gudun kuwa shi ne mafi sauƙin abin da ake nema a wurin wanda ya shiga.

Wane irin tsere ne wannan, kuma me ya raba shi da sauran?

Tseren Formula 1 a kan kwalta ake yinsa, a yi ta kewaya fili ɗaya sau hamsin ko sittin, kafin awa biyu an tashi. Tseren hamada kuwa gudun ya-da-ƙanin-wani ne. Mafi shahara a cikinsu, wato Dakar, yana cin mako biyu, tafiyar kuma takan kama daga kilomita 7,000 zuwa 9,000, an yanka ta zango-zango, kusan kowace rana zango guda, da hutun yini ɗaya a tsakiya.

Kowane zango kashi biyu ne. Akwai tafiyar isa wurin tashi, wadda ake yi a kan titin jama'a bisa dokar hanya, agogo ba ya lissafa ta. Sai kuma inda agogon ke aiki, cikin rairayi da duwatsu da busassun koramu. Ba a sakin mutane gaba ɗaya, ɗaya bayan ɗaya ake sallamarsu da tazarar 'yan mintuna. A ƙarshen gasa a tattara lokacin kowa, a ɗora masa tarar da aka ci shi, mai ƙarancin lokaci shi ne zakara. Shi ya sa mutum kan iya ɗaukar kofi bai zo na ɗaya ko a zango guda ba. Haka Carlos Sainz na Sifaniya ya yi a 2024, yana da shekara 61: wasu suka yi ta cin zango suna lalata motocinsu, shi ya yi ta lallaɓa tasa har ƙarshe.

Daga ina abin ya samo asali?

Tun mota tana jaririya Turawa suke gwada ta a hamada. A 1907 jaridar Le Matin ta Faransa ta ƙalubalanci masu motoci su taso daga birnin Peking na Sin zuwa Paris. Motoci biyar suka tashi, suka shiga hamadar Gobi, raƙuma ne ma suka riga su yin gaba da man da za su sha. Wani basaraken Italiya, Scipione Borghese, shi ya fara isa. A ƙarshen 1922 kuma kamfanin Citroën ya tura motoci masu sarƙa a ƙafafun baya daga Touggourt ta Aljeriya, suka ƙetare Sahara suka shiga Tambutu a farkon Janairun 1923.

Tseren da aka sani yau rassa biyu ne. Ɗaya ya tsiro a zirin Baja California na Meksiko a 1967. Ɗayan kuma ɓatan wani matashi ne ya haife shi. A 1977 Thierry Sabine, Bafaranshe mai tseren babur, ya ɓace a hamada yayin gasar Abijan zuwa Nice, ya yi kwanaki shi kaɗai kafin jirgi ya hango shi. Wani da ya sha irin wannan da ya rantse shi da rairayi har abada. Sabine ya koma gida da ƙudurin sai ya kai wasu su ga abin da ya gani.

Ranar 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga dandalin Trocadéro na Paris. Suka ƙetare teku zuwa Aljeriya, suka gangaro ta Tamanrasset zuwa Agadas da Yamai, suka bi ta Gao da Bamako, ranar 14 ga Janairu 1979 guda 74 suka isa Dakar, babban birnin Senegal, bayan tafiyar kusan kilomita 10,000. Cyril Neveu ne ya yi nasara a kan babur Yamaha XT500. Akasarin mahalarta a lokacin 'yan ganin dama ne, wasu da ƙananan motocin zuwa aiki da suka ɗan yi wa kwaskwarima a gareji. Manyan kamfanoni sai daga baya suka shigo, Porsche da Peugeot da Mitsubishi da Citroën, da injiniyoyinsu da jiragensu na ɗaukar kayan gyara.

In sunansa Dakar, me ya kai shi Saudiyya?

Tsaro. Tun a 1991 aka harbe wani direban babbar motar Citroën a Mali. A 2000, lokacin da aka nufi Alƙahira daga Dakar, an samu gargaɗin cewa za a kai hari a arewacin Nijar, sai aka tsaya a Yamai, aka loda motoci da babura cikin manyan jiragen Antonov aka sauke su a Sabha ta Libiya. Abin ya kai maƙura a jajibirin Kirsimeti na 2007, da aka kashe Faransawa huɗu 'yan yawon buɗe ido kusa da Aleg a Muritaniya, ƙasar da zanguna da dama na gasar za su ratsa. Ranar 4 ga Janairu 2008, saura kwana ɗaya a tashi daga Lisbon, kowa ya gama shiri ya biya kuɗinsa, kamfanin ASO mai shirya gasar ya ce an fasa.

Daga 2009 zuwa 2019 aka koma Kudancin Amurka: Ajantina da Chile da farko, daga baya Peru da Bolibiya da Paraguwai. Can ma wahalar ta sake kama, ga hamadar Atacama, ga tsaunukan Andes inda iskar shaƙa ke ƙaranci, injin ya rasa ƙarfi, mutum ya yi ta haki da ciwon kai. Sannu a hankali gwamnatocin yankin suka gaji da biyan kuɗin karɓar baƙuncin, har a 2019 Peru kaɗai ta rage. A 2020 Saudiyya ta karɓa, aka tashi daga Jidda. Sunan Dakar dai ya riga ya zama tambari mai tsada, babu ɗan kasuwar da zai yar da shi don birnin ya yi nisa.

Yaya suke gane hanya? Ba na'urar GPS ke nuna musu ba?

A nan gasar take. Akwai GPS a kowace mota da babur, amma na masu shirya gasar ne, kuma a kulle yake: ba ya nuna taswira, ba ya cewa bi dama ko hagu. Abin da ake ba ɗan tsere shi ne littafin hanya. Kowane layi a cikinsa gida uku ne. Gidan farko nisan da aka ci, na tsakiya ɗan zanen abin da za a tarar a wurin, mararraba ko rijiya ko kwari ko tudu, na ƙarshe kuma ƙarin bayani, galibi har da lambar kamfas tsakanin 0 da 360 da za a dosa. Inda akwai haɗari ana sa alamar motsin rai, ɗaya ko biyu ko uku gwargwadon muninsa. Uku na nufin in ba ka rage gudu ba, a jirgin ceto za ka bar wurin.

A mota aikin karanta wannan na jagora ne, wanda ke zaune gefen direba yana faɗa masa ta na'urar magana da ke cikin hular kwano. Mai babur ba shi da kowa. Littafinsa yana gabansa a kan kan babur, a da doguwar takarda ce naɗaɗɗiya da yake murzawa da maɓalli, yanzu allon lantarki na maye gurbinta. Yana gudun kilomita ɗari da wani abu a cikin duwatsu, ido ɗaya a ƙasa, ɗaya a rubutu. Da yawa daga cikin munanan faɗuwa a wannan ɗan sunkuyawar suke faruwa.

An kuma dasa wuraren da dole a bi ta kansu, waɗanda ba tuta ba alama. Wasu sai ka matso kusa da su da ƙoƙarin kanka sannan kibiya ta bayyana a GPS ta ƙarasa da kai. Wanda ya tsallake guda za a ci shi tarar lokaci, wani sa'in mintuna, wani sa'in fiye. An ce matambayi ba ya ɓata, to amma wa za ka tambaya a inda tsuntsu ma ba ya gilmawa?

A da ana raba littafin tun daren jiya. Manyan ƙungiyoyi sai suka ɗauki ƙwararru da ke kwana a gaban kwamfuta suna daidaita shi da hotunan tauraron ɗan'adam, da safe direbansu ya fita kamar wanda ya taɓa bin hanyar. Daga 2020 aka fara hana wannan, yanzu sai ana gab da tashi ake ba da shi. A ganina wannan na cikin mafi kyawun gyaran da aka yi wa gasar, don ya dawo da darajar jagora.

Me ya sa wani lokaci ake cewa cin zango ba alheri ba ne?

Saboda wanda ya ci yau shi zai fara fita gobe. Gabansa fili ne fetal ba sawun kowa, shi zai yi ta lalube, na bayansa su bi sawun tayarsa a guje su cim masa. Don haka ake ganin gogaggu na jan ƙafa da gangan kusa da ƙarshen zango, musamman in gobe ranar rairayi ce. Daga 2023 aka fara rage wa masu babur da suka buɗe hanya wani abu daga lokacinsu, a matsayin ladan jagaba. Bin sawu ma ba tabbas ba ne: sau da yawa na gaba ya kauce, mutum goma su take masa baya su ɓace tare.

Da gaske mutane na ɓata?

A zamanin Afirka, ƙwarai kuwa. A Janairun 1982 Mark Thatcher, ɗan Firaministar Birtaniya Margaret Thatcher, ya ɓace tare da direbarsa Anne-Charlotte Verney da makanikinsu a kudancin Aljeriya bayan motarsu Peugeot 504 ta lalace. Kwana shida ana nema kafin jirgin sojan Aljeriya ya gano su kusan kilomita 50 daga hanya. Abin dariyar shi ne wannan ɓata ya yi wa gasar tallar da kuɗi ba zai saya ba, don ranar ce mutane da yawa a duniya suka fara jin sunanta.

Shekara guda bayan haka aka shiga hamadar Tenere ta Nijar, tsakanin tsaunukan Abzin da Bilma, guguwar rairayi ta taso ta watsa 'yan tsere kusan 40. Sabine ya yi kwana huɗu yana shawagi a jirgi mai saukar ungulu har ya tattaro su duka.

Yau kowane abin hawa na ɗauke da na'urar da ke sanar da hedikwatar gasa inda yake ta tauraron ɗan'adam. In ya tsaya cak ko ya kife, za a kira shi a ji lafiya. Ɓata ta kwanaki ta zama tarihi. Ɓata ta minti ashirin, wadda ke raba mutum da kofin da ya yi shekara yana shiri dominsa, tana nan kullum.

Mene ne wahalar tuƙi a rairayi?

Tudun rairayi fuska biyu gare shi. Ɓangaren da iska ke bugawa yana hawa a hankali kuma ya fi tauri. Ɗaya ɓangaren gangare ne mai tsayi da laushi, kuma ba a ganinsa sai an kai ƙololuwa. In ka taho a sanyaye, motar za ta kafe kafin ta kai sama, ko ta zauna da cikinta a kan tsinin tudun, tayoyi na juyawa a banza. In ka taho da ƙarfi, za ka tashi sama ka sauka da goshi. Gwaninta ita ce a ɗaga ƙafa daga totur daidai lokacin da tayoyin gaba suka leƙa, kuma a yi haka sau ɗaruruwa a yini ba kuskure.

Lokaci ma na da nasa. Da sassafe rairayi na da ɗan danshi, yana ɗaukar nauyi. Da rana ta take sai ya saki, ga shi inuwa ta ɓace, tudu da rami su zama launi ɗaya, ido ya kasa bambance su, har wasu direbobi kan yi amai kamar waɗanda ke cikin jirgin ruwa. Waɗanda ke baya kuma, wato marasa ƙarfi, su ke isowa a wannan lokacin, bayan manyan motoci sun riga sun dagargaza wurin.

Maganin farko rage iskar taya ne don ta baje a kan rairayi. Amma tayar da aka rage wa iska, da ta shiga duwatsu sai faci, safaya kuma ƙidayayyu ne. In mota ta kafe, sai shebur da jak da faifan da ake shimfiɗawa ƙarƙashin taya, cikin zafin rana, sanye da rigar kariya daga gobara.

Akwai kuma abin da 'yan tsere ke kira fesh-fesh, ƙasa mai laushi kamar toka. Daga nesa kamar busasshen fili, da an shiga sai ta haɗiye taya, ta tashi ta rufe gaba ɗaya, ta toshe matatar iska, lagireto ya cika injin ya tafasa. Ƙurar na sa wucewa ta zama caca, shi ya sa aka sa wata na'ura da ke yi wa na gaba ƙara idan na baya na neman hanya.

Waɗanne irin motoci ake amfani da su?

Ajin babura, ajin motoci, ajin ƙananan motoci marasa ƙofa masu kujera biyu, da ajin manyan motoci. Tun 2011 an taƙaita injin babur a 450cc don rage gudu, ana ɗora masa tankunan da za su kai shi kusan kilomita 250 kafin wurin shan mai, a cikin tayarsa kuma maimakon iska akwai wani soso mai tauri da ƙaya ba ta fasawa.

Motar da ake kira Hilux a gasar, fitilu da tambari kaɗai ta haɗa da wadda ake sayarwa. Ƙarƙashin fatarta kejin bututun ƙarfe ne, da tankin mai na lita kusan 500, da tayoyi masu inci 37, da shokozoba da ke shanye ramin da zai karya motar gida biyu. Mitsubishi Pajero ta ci gasar sau 12, bakwai daga ciki a jere daga 2001 zuwa 2007. A 2009 Giniel de Villiers na Afirka ta Kudu ya fara ci da injin dizal a Volkswagen. Audin da Sainz ya ci da ita a 2024 lantarki ke juya tayoyinta, amma da injin fetur a ciki yana cajin batirin, don har yanzu babu batirin da zai ɗauki yinin hamada shi kaɗai.

Manyan motoci asalinsu 'yan dakon kayan gyara ne, sannan suka zama 'yan tsere. A 1988 Jan de Rooy ɗan Holan ya zo da babbar motar kamfanin DAF mai injin biyu, har aka ɗauki hotonsa yana wuce Peugeot ɗin Ari Vatanen a gudun kusan kilomita 200 cikin awa. A wannan gasar ɗaya motar ta DAF ta yi ta ƙundumbala a Tenere, jagoranta Kees van Loevezijn ya mutu, kamfanin ya janye. Daga baya Kamaz ta Rasha ta mamaye ajin, da nasara 19. Yanzu kowane aji na da iyakar gudun da ba a yarda ya wuce ba.

Ina suke kwana, kuma wa ke gyara motocin?

A sansanin kwana, wanda wani gari ne na tantuna da ke tashi kullum ya koma gaba, da asibitinsa da wurin cin abincinsa da mutane dubbai. Direban babban kamfani na isowa ya miƙa mota ga makanikai, ya tafi wurin tausa, ya kwanta a motar kwana mai sanyi. Makanikan su kwana suna warware motar suna mayarwa, da asuba su kama hanyar sansani na gaba. In ana maganar waɗanda ba sa barci a Dakar, su ne.

Don kada kuɗi ya yi komai, akan sa zangon da ake hana taimako: kwana biyu a jere, ba makaniki, abin da ka lalata kai za ka gyara da abin da ke hannunka. A irin wannan ne a 2021 Toby Price na Ostareliya ya ɗaure tayarsa ta baya da ta yage da salatif da igiyoyin roba, ya yi ɗaruruwan kilomita a kanta washegari. A 2024 aka ƙara wani salo a Rub'ul Khali, babbar hamadar kudancin Saudiyya: zangon awa 48, inda da yamma ta yi kowa zai tsaya a sansani mafi kusa da shi, a ba shi tanti da ɗan abinci.

Waɗanda na fi girmamawa su ne masu babur da ke yin gasar gaba ɗaya ba mataimaki. Akwatin ƙarfe guda ake ɗaukar musu. Mutum ya yi awa goma sha biyu a kan babur, ya iso cikin dare, ya canza baƙin mai da matatar iska da taya da hannunsa, ya kafa tanti, ya runtsa awa uku ko huɗu, a tashe shi. Su suka fi kama da mutanen 1979.

Yaya girman haɗarin yake?

Babba ne, kuma masu babur suka fi ɗanɗanawa. Gommai sun mutu tun da aka fara. Fabrizio Meoni na Italiya, zakaran 2001 da 2002, ya mutu a Muritaniya a 2005, a gasar da ya ce ita ce ta ƙarshe gare shi. Paulo Gonçalves na Fotugal ya mutu a Saudiyya a 2020, Toby Price ne ya fara iske shi, ya tsaya a kansa fiye da awa guda. Doka ce a tsaya wa wanda ya ji rauni, ana kuma mayar wa mutum lokacin da ya ɓata. Bayan wannan mutuwar aka wajabta wa masu babur rigar da ke kumbura da iska idan an faɗi. Ba faɗuwa kaɗai ke kisa ba: a 2015 a Ajantina zafi da ƙishirwa ne suka kashe Michał Hernik ɗan Folan, 'yan ɗaruruwan mitoci daga hanya.

Shi kansa Sabine hamadar ce ta ci shi. Ranar 14 ga Janairu 1986 jirginsa mai saukar ungulu ya faɗi kusa da Gourma-Rharous a Mali, ya mutu tare da mutum huɗu, ciki har da mawaƙin Faransa Daniel Balavoine, wanda ya zo aikin kafa famfunan ruwa a ƙauyuka. An watsa tokarsa a gindin wata bishiya tilo a Tenere, wadda ake kira da sunansa yanzu. Kada a haɗa ta da sananniyar bishiyar Tenere, wadda wani direban babbar mota ya banke a 1973, gangar jikinta na gidan tarihi na Yamai. Bishiya ɗaya a fili mai ɗaruruwan kilomita, kuma a rasa abin da za a kara sai ita.

Taurin ran 'yan tseren ma wani sa'in ya wuce hankali. A 1987 Hubert Auriol na kan gaba, saura ƙiris a isa Dakar, ya daki kututture ya karya idon sawunsa duka biyu, ya sake hawa babur ya ƙarasa zangon. Price ya ci gasar 2019 da karyayyen wuyan hannu.

Mutanen da ake ratsa garuruwansu fa?

Nan ne tabon gasar yake. A 1988 motar tsere ta kashe wata yarinya 'yar shekara goma a Kita ta Mali. A 2006 yara biyu suka mutu, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal. Sunayen direbobin da suka mutu suna rubuce, ana tunawa da su kowace shekara, amma mutanen ƙauye ba a ma ƙidaya su da kyau ba. A 1988 jaridar fadar Paparoma ta yi tir da gasar, tana ganinta baje kolin dukiya ne a inda yunwa da ƙishirwa ke kashe mutane. An kafa dokar rage gudu zuwa kilomita 30 ko 50 cikin awa a garuruwa, GPS na sa ido, amma ta zo a makare.

Ba za a ce ba a amfana ba. Agadas ta samu baƙi da ciniki da suna a idon masu yawon buɗe ido, Mano Dayak, fitaccen Ba'abzinen nan da ya rasu a haɗarin jirgi a 1995, yana cikin waɗanda suka yi aiki da Sabine. Tambarin gasar ma mutum ne naɗe da rawani da amawali. Sai dai cinikin na kwana ɗaya ne ko biyu, ramukan da manyan motoci suka bari a hanya kuma na shekara ne. A Chile da Peru masana tarihi sun koka kan tayoyi da suka tattake wuraren tarihi, a Saudiyya kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam na cewa ana amfani da wasanni don gyara sunan gwamnati.

Su wane ne gwanayen wannan fage?

Stéphane Peterhansel na Faransa ba shi da na biyu: nasara 14, shida a babur Yamaha, takwas a mota, ta farko a 1991, ta ƙarshe a 2021. An san shi da rashin gaggawa, shi ne hujjar cewa sauri kan haifi nawa. Nasser Al-Attiyah na Katar ya ci a 2011 da 2015 da 2019 da 2022 da 2023, ga shi kuma maharbi ne da ya samu tagulla a gasar Olamfik ta Landan a 2012. Jutta Kleinschmidt ta Jamus ita ce mace ta farko da ta lashe gasar, a 2001. Yazeed Al-Rajhi ya ci a gida a 2025. A babura KTM ta yi nasara 18 a jere daga 2001, sai a 2020 Ricky Brabec na Amurka ya katse ta da Honda.

Ari Vatanen na Finlan ya ci sau huɗu, kuma labaransa biyu sun fi na kowa daɗin ji. A 1988 yana kan gaba aka sace motarsa cikin dare a Bamako. An same ta, amma ya makara, aka kore shi daga gasar. A 1989 shi da abokin aikinsa Jacky Ickx suka yi wa kowa fintinkau suna neman halaka juna, sai manajan Peugeot Jean Todt ya zaunar da su a Gao ya jefa kwabo sama. Vatanen ya ci.

Baja 1000 fa, ɗaya suke da Dakar?

A'a. Baja 1000, wato tseren Meksiko da aka ambata a baya, a zama ɗaya ake yinta, a watan Nuwamba, dare da rana ba tsayawa sai shan mai da canza taya. Yawanci daga Ensenada ake tashi, wata shekara a kewayo, wata a miƙe har La Paz. Nisan kan sauya ko da yake sunan na nufin mil 1,000, wato kusan kilomita 1,600. An yarda a bi hanyar a nazarce ta tun makonni kafin ranar, direbobi kuma na karɓeɓeniya. Don haka neman hanya ba shi ne matsala ba, duhu ne da ƙura da ramuka, da tarkunan da wasu 'yan kallo ke haƙawa don su ga mota ta yi tsalle. A 1967 an ci ta cikin awa 27 da minti 38 a wata ƙaramar mota Meyers Manx.

Akwai wasu: Finke a tsakiyar Ostareliya tun 1976, gasar hamadar Abu Dhabi tun 1991, da ta Maroko. Tun 2022 an haɗa Dakar da wasu daga cikinsu a gasar duniya guda.

Mutum na iya shiga in ba ƙwararre ba ne?

Yana iya, mafi yawan mahalarta ma ba sana'arsu ba ce. Amma mai babur sai ya nuna ya gama wasu manyan gasanni kafin a karɓe shi. Kuɗin rajista kaɗai ya haura Yuro 10,000, kafin babur da kayan gyara da makaniki da inshora. Burin irin waɗannan a ba su lambar gamawa ne kawai, kuma kowace shekara da yawa ba sa samu.

Shin an daina tsere zuwa birnin Dakar ke nan?

Ba a daina ba. Bayan sokewar 2008, wasu tsofaffin gwanayen gasar, ciki har da Hubert Auriol da Jean-Louis Schlesser, suka kafa Africa Eco Race. Ba ta kai Dakar ta ASO kuɗi ko 'yan jarida ba, manyan kamfanoni ma ba su cika zuwa ba. Tana tasowa daga Turai, ta ratsa Maroko da Muritaniya, ta ƙare a bakin tafkin Retba mai ruwan hoda da ke arewa maso gabashin birnin Dakar, inda ake ƙare tseren a da.